Daga Lungunan Kurmi Zuwa Ƙafar Fijo 504: Yadda Hanya Ta Zaɓa Mana Taya

Maƙalar wannan mako a kan taya take. Na san wani zai ce me ya haɗa tarihi da taya, to a ɗan yi haƙuri a karanta. Abin da ya jawo maganar shi ne yayin da ya shigo na farfaɗo da tsofaffin motoci. Matashi zai gaji Fijo 504 ko tsohuwar Marsandi ta mahaifinsa, ya kashe kuɗi a fenti da kujeru, sannan abu na farko da zai cire shi ne wilin da motar ta zo da shi, ya ɗora mata rim mai inci 17 da taya siririya kamar zobe. Ina ganin kuskure ne, kuma hujjata tana cikin tarihin hanyoyin ƙasar nan.

Mu fara daga Kurmi. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ake danganta wa kafa kasuwar. Tun daga lokacin har Turawa suka ci Kano a 1903, sama da shekara 400 ke nan, duk kayan da suka shiga Kurmi a bayan dabba suka shiga ko a kan mutum. Gishirin Bilma a raƙumi, goron Gwanja a jaki, hatsin ƙauye a takarkari, turkuɗi da fatu a kan 'yan alaro. Clapperton ya zo a 1824 ya yaba tsarin kasuwar. Barth ya zo a 1851 ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Duk wannan dukiya, babu ko ƙafar keke ɗaya a ƙarƙashinta. Duk wanda ya taɓa kutsawa ta wajen masu sirdi da linzami ya san faɗin lungunan nan. An auna su ne da jaki mai mangala, shi ya sa har yau mota ke tsayawa a bakin titi, ɗan dako da mai baro su ƙarasa aikin.

Wasu na ɗauka rashin wayewa ne ya hana kakanninmu amfani da keken shanu ko na doki. Ba haka ba ne. A duwatsun Sahara, har da na Azbin a Nijar, akwai zanen karusai da dawaki ke ja, waɗanda aka yi tun kafin zuwan Musulunci da daɗewa. Alhazanmu da suka bi ta Masar sun ga karusa da idonsu. Wani masanin tarihi, Richard Bulliet, ya rubuta littafi a 1975 inda ya nuna cewa a Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka ma an san keken dabba, amma aka yar da shi bayan raƙumi ya kankama, domin raƙumi ya fi arha. Lissafin a fili yake. Keke yana bukatar hanya shimfiɗaɗɗiya da gada da mai gyara. Raƙumi yana ɗaukar kusan kilo 150, ya ratsa yashi, ya ci ƙaya a hanya, ya kuma haifi magajinsa. Da rani yashi ya riƙe ƙafar keke, da damina taɓo ya haɗiye ta, in ka yi kudu kuma tsando ya kashe shanun da ke ja. Madugu ba wawa ba ne.

Ƙafar ƙarfe ce ta fara cin Kano, wato jirgin ƙasa. Layin dogo daga Baro ya iso a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, sai gyaɗa ta ɓarke, sai su Alhassan Ɗantata da dalar gyaɗa. A nan ma akwai darasin awo. Faɗin layin ƙafa 3 da inci 6 ne. Amma ƙaramin layin da aka ja daga Zariya zuwa ƙasar Jos saboda kuza, ƙafa 2 da inci 6 aka yi shi don a rage kuɗi. Sakamakon haka tarago ɗaya ba ya iya bin layukan biyu, sai an sauke kaya an sake lodi a Zariya. A 1957 aka rufe shi. Yau kuma layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 yana da faɗin milimita 1,435, alhali tsohon layin 1,067 ne. Kun ga matsalar awon ƙafa ta girmi kowa a zauren nan.

Ita kuwa tayar roba mai iska, ba ta daɗe a duniya ba sa'ad da ta iso mana. Wani likitan dabbobi, John Boyd Dunlop, ya haɗa ta a Belfast a 1888 saboda keken ɗansa. 'Yan uwan nan biyu na gidan Michelin a Faransa suka ɗora ta a mota a 1895. Manyan lorin Ingila na farko da aka kawo Afirka ta Yamma tayar roba daskararriya gare su, babu iska, ga nauyi, suna farfasa hanyar burji cikin damina ɗaya. Abin da ya buɗe harkar sufuri shi ne ƙananan motocin Amurka irin su Ford, marasa nauyi, masu tsayi daga ƙasa, da taya mai iska. Tayar Ford samfurin T ana rubuta ta 30 x 3½, ma'ana tsayinta inci 30, faɗinta inci uku da rabi kacal. Doguwa ce siririya. Ku riƙe wannan siffa, domin ita ce ta yi ta maimaita kanta a duk motar da ta yi suna a ƙasar nan.

Daga arewa ma motoci sun zo. A ƙarshen 1922 zuwa farkon 1923 motocin Citroën masu sarƙar roba a baya suka ratsa Sahara zuwa Tambutu, a 1924 kuma wani ayarinsu ya biyo ta Damagaram. A shekarun 1930 har an sami motar haya da ke tasowa daga Aljas, ta bi Tamanrasat da Agadas da Damagaram ta sauke fasinja a Kano. Hanyar da ayarin raƙuma ke shafe watanni a kanta ta koma ta kwanaki. Direbobin wannan hanya sun koyi abin da kowane direban Agadas ya sani yau: in ka shiga yashi, rage iska. Taya ta baje, ta yi tsawo a ƙasa kamar tafin raƙumi, mota ta hau kan yashin maimakon ta tona shi. Wannan dabara ba ta yiwuwa sai da taya mai dogon gefe. Tayar da gefenta yatsa uku ne, in ka rage mata iska rim ne zai zauna a ƙasa.

Yanzu ga labarin da na fi so, wanda na lura matasan Kano kaɗan ne suka san shi. A watan Mayun 1974, gabanin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya da aka yi a Jamus ta Yamma, an shirya tseren motoci daga Landan zuwa Munich. Amma ba kai tsaye ba. An tsara su sauka ta Sifaniya su haye Maroko, su ratsa Sahara ta Aljeriya da Nijar har Kano, su juya su sake ratsa hamadar zuwa Tunisiya, sannan su zagaya ta Turkiyya su koma Jamus. Kano ce ƙarshen tafiyarsu ta kudu. Motoci sama da 50 suka taso. A Aljeriya aka sami matsala: takardar kwatancen hanya da aka raba musu an rubuta ta ne kafin a ƙara tsawon wata kwalta, don haka alamomin suka daina dacewa da abin da ke ƙasa. Motoci da yawa suka ɓace a hamada, wasu suka kafe, wasu suka karye. Har Stirling Moss, shahararren direban tseren nan na Ingila, a can Marsandinsa ta tsaya. Motoci 19 ne suka isa Munich, kuma biyar kaɗai a cikinsu suka bi hanyar gaba ɗaya ba tare da yanke ba.

Wa ya ci? Wasu 'yan Ostireliya uku, Ken Tubman da André Welinski da Jim Reddiex, a cikin Citroën DS 23, motar da ake iya ɗaga cikinta daga ƙasa da hannun juyi guda. Ratar da suka bayar ta haura kwana ɗaya cur. Na biyu da na uku da na huɗu kuwa duk Fijo 504 ne, kuma wadda ta zo ta biyun mata biyu ne Faransawa suka tuƙa ta, Christine Dacremont da Yveline Vanoni. Motocin da suka fi su ƙarfin inji suna can a yashi. Waɗanda suka tsira su ne masu laushin ƙafa, masu tsayi daga ƙasa, masu taya mai dogon gefe a kan rim na inci 14 ko 15. Shekara ɗaya bayan haka 504 ta ci tseren Safari na Kenya a hannun Ove Andersson, kamar yadda yayarta 404 ta ci shi sau huɗu a shekarun 1960. Saboda haka wanda ke cewa 504 motar tsofaffi ce ba ta da alaƙa da tsere, tarihi bai goyi bayansa ba.

A wannan shekara ta 1975 ce kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kaduna. Lokacin ya dace da kuɗin Udoji da arzikin mai, ma'aikata suka yi ta saye. Gwamnati ta mai da ita motar hukuma, 'yan tasha suka mai da doguwar ta haya, 'yan kasuwa suka rungumi a-kori-kura. A Faransa an daina yin ƙaramar 504 tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. A lokacin kuma taya a gida ake yin ta: Michelin na da masana'anta a Fatakwal, Dunlop na da tata a Ikeja, dukansu tun farkon shekarun 1960, da robar da ake tatsa a kudancin ƙasar nan. Mai 504 ba ya tunanin lamba. Ya je ya ce a ba shi tayar Fijo, a miƙo masa 175 R14, in doguwa ce 185 R14. Mai 404 a ba shi 165 mai inci 15. Mai Land Rover doguwa 7.50-16.

Sai komai ya rushe kusan lokaci ɗaya. Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta bi ta a 2008, suna kukan rashin wutar lantarki da sauke harajin shigo da taya daga waje. Kasuwa ta koma hannun sabuwar taya ta Asiya da kuma gwanjo. A takarda, tsohuwar taya tana cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su. A ƙasa kuwa, kowa ya san abin da ke jibge a bakin titi. Kuma gwanjon nan daga motocin Turai na zamani aka ciro su, don haka lambobinsu na motocin zamani ne. Nan ne mai tsohuwar mota ya shiga uku: ya je Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari neman 175 R14, a ce masa babu, amma ga 175/70 R14, ai duk ɗaya ne, ga 175 ga 14. To ba ɗaya ba ne.

Bari mu yi lissafin tare, ba wuya. Lamba ta farko faɗin taya ce da milimita. Ta biyu, bayan sandar nan, tsayin gefen taya ne, a matsayin kashi cikin ɗari na faɗin. R na nufin zaren cikinta a gicciye yake, irin ƙirar da Michelin ta yi wa rajista a 1946. Ta ƙarshe faɗin rim ne da inci. Tsofaffin tayoyi da ba a rubuta lamba ta biyu ba, kamar 175 R14, gefensu kusan kashi 80 ne. Kashi 80 na 175 shi ne milimita 140. Gefe biyu, sama da ƙasa, 280. Inci 14 kuma milimita 356 ne. Jimla, tsayin tayar 504 ta asali kusan milimita 636.

Ita kuwa 175/70 R14, gefenta 122 da rabi ne, jimlar tsayinta kusan 601. An yi asarar milimita 35. Motar ta sauka ƙasa da kusan santimita biyu, wanda a kan tudun rage gudu na cikin gari ko ramin damina shi ne bambanci tsakanin wucewa lafiya da fasa kaskon mai. Tayar ta ƙanƙance da sama da kashi biyar cikin ɗari, don haka mita za ta nuna 100 alhali kana kan 95, inji yana ƙarin juyi a kowace kilomita, mai yana ƙarin tafiya. Uwa-uba, ƙaramar taya iskar cikinta kaɗan ce, nauyin da take iya ɗauka ya ragu. A motar da za a cika da mutum shida da buhu biyu a but a nufi Haɗeja cikin zafin Afrilu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

In 175 R14 ta gagara, wadda ta fi kusa da ita a kan rim ɗin asali ita ce 195/70 R14, mai tsayin kusan 629, ko 185/75 R14 mai kusan 633 in an dace da ita. Wanda ya sami rim na inci 15 da ya dace, 195/65 R15 tana ba da kusan 635, kamar an auna, ga ta kuma cike da kasuwa. Sai dai samun rim ɗin ne aiki. Ramukan noti na 504 huɗu ne a da'irar milimita 140, awon da motoci kaɗan ne suka yi amfani da shi. Na 404 ma uku ne. Shi ya sa za ka ga an kai rim ɗin wata mota wajen mai walda ko mai injin huji an faɗaɗa ramuka, ko an sa wani faranti a tsakani. Ni dai ba zan shiga motar da aka yi wa haka ba in hanyar ta wuce cikin gari. Noti huɗun nan su ne kaɗai ke riƙe da ƙafar, kuma ramin da aka faɗaɗa ba ya zaunar da noti daidai, a hankali yake sassautawa.

A yi hattara kuma da wani tarko na musamman ga masu Fijo. A 1975 Michelin ta fito da wata taya mai suna TRX wadda rim ɗinta ba da inci ake auna shi ba, da milimita ne, kamar 390. An sa ta a wasu 505 da 604 da wasu BMW na Turai. A ido kamar inci 15 take, amma inci 15 milimita 381 ne. Taya ta gama-gari ba ta zama a kansa, in aka tilasta ta tana iya tashi a fuskar mai faci. Duk rim ɗin Fijo mai kyau da aka yi maka arha da shi, juya bayansa ka karanta abin da aka buga.

Mu koma kan rim mai inci 17 da na fara da shi. Masu son sa za su ce 215/45 R17 tsayinta kusan 625 ne, bai yi nisa da na asali ba, mita ma ba za ta yi ƙarya sosai ba. Gaskiya ne. Amma gefen tayar ya sauko daga milimita 140 zuwa 97. Injiniyoyin da suka zana 504 a 1968 sun lissafa wannan gefe a matsayin wani ɓangare na laushin motar, tare da sifirin da shakzoba. In ka cire kusan kashi ɗaya cikin uku nasa, dukan da taya ke shanyewa sai ya wuce kai tsaye zuwa ƙarafunan ƙafa da jikin motar da ya shekara arba'in yana cin tsatsa. Faɗin kuma ya ƙaru da santimita huɗu, a motar da yawancinta ba ta da sitiyari mai taimakon mai, sai ka ga mutum yana kokawa da kan mota a kwanar Ƙofar Mata kamar mai murɗa wuyan sa. A kan yashi ko burji, faffaɗar taya mai gajeren gefe ba ta da wani amfani, rami ɗaya mai kyau ya isa ya lanƙwasa rim ya kumbura gefe. Irin wannan taya an yi ta ne don kwaltar Jamus.

Ba na cewa duk canji haramun ne. Su kansu masu tsere suna canza taya gwargwadon hanya. Wanda motarsa ta ado ce, daga gareji zuwa wajen ɗaurin aure ta dawo, ya yi abin da ya ga dama da kuɗinsa. Da wanda zai hau titin Zariya ko na Katsina da iyali nake.

Saura abu ɗaya, shekarun taya. A gefen kowace taya, a ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lamba huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. In lamba uku ka gani, an yi tayar kafin 2000, ta guga ce ko takalmi. Wannan ya fi shafar masu tsofaffin motoci, domin motar da ta daɗe a ajiye za ka ga zanen tayarta cif kamar sabuwa, alhali robar ta bushe ta tsattsage daga ciki. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara huɗu take wa'azi a kai, kuma ta ƙara ƙaimi bayan haɗarin 6 ga Maris 2016 a hanyar Kaduna zuwa Abuja, inda fashewar taya ta yi sanadin rasuwar ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa. A duba kuma harafin jure zafi, A ya fi B, B ya fi C. In ka ga hoton dutse da alamar ƙanƙara a gefen gwanjo, tayar hunturun Turai ce, robarta mai laushi ce da aka haɗa don sanyi, kwaltar Kano a watan Afrilu za ta cinye ta da wuri.

Tayar da ta gama aiki kuma ba ta mutuwa a garin nan. A yanka ta a yi takalmi, a tsaga ta a yi igiyar ɗaure kaya, tif ɗinta a ɗinka guga, wadda ta ɗan fi ƙwari kuma ta koma ƙafar amalanke ko keken shanu a ƙauye. Keken shanun da kakanninmu suka ƙi saboda yashi da taɓo ya samu shiga ne bayan da tsohon gatarin mota da tayar iska suka yi arha. Wanda ke da hoto ko labarin zuwan motocin tseren 1974 Kano daga bakin iyayensa, don Allah ya ajiye mana a ƙasa, musamman inda aka sauke su da hanyar da suka bi suka fita gari.